Gargaɗi ga masu wankin mota da masu fenti: ana sayar da injin yankan ƙarfe da sunan injin folish

Jama'a, musamman 'yan'uwa masu wankin mota da masu fenti, a yi hattara. Akwai masu talla a Facebook da TikTok da ke sayar da abin da suke kira injin folish na goge mota, da sunan sanannun kamfanonin kayan aiki irin su Makita ko DeWalt a jikinsa, a kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. Bidiyon tallan ma na wasu ne suka kwaso: mota ta dusashe, an bi ta da inji, ta fito tana sheƙi. Kana yin magana sai a ce ka koma WhatsApp, saura ɗaya ko biyu, ka tura kuɗi a ba direban tasha ya kawo maka.

Wasu ba sa aiko komai, kuɗi na shiga layin ya mutu. Amma waɗanda suka fi ƙona min rai su ne masu aiko kayan, domin ɓarnarsu ba ta tsayawa a aljihunka, har motar mutane take shafa. Abin da ke cikin kwalin injin yankan ƙarfe ne irin na masu walda, an cire faifan yanka an ɗaura soso, an manna masa takardar wani kamfani.

Ga inda haɗarin yake. Ƙaramin injin yankan ƙarfe yana juyi 10,000 zuwa 12,000 a minti ɗaya, kuma galibi ba a rage masa gudu. Injin folish na gaskiya yana farawa daga wajen 600 ya tsaya a wajen 3,000, yana da maɓallin juyawa mai lambobi, kuma ƙwararru ma ba kasafai suke kai shi ƙarshe ba. Shi kuwa rufin marar launi da ke saman fentin mota, wanda shi ne ke ba ta sheƙi, bai kai kaurin takardar littafi ba. Soso ya hau kansa da wancan gudu, kafin ka ɗaga hannu ya yi zafi ya ƙone shi.

Na ga aikinsa a kan wata baƙar Corolla a wurin wankin mota na unguwarmu. A gefen bonet, daidai kan lanƙwasa inda fenti ya fi siranta, baƙin ya tafi har ana ganin shafen farko mai ruwan toka da ke ƙarƙashin fenti, soson kuma ya narke ya yi ƙauri. Yaron da ya sayi injin da ɗan jarinsa, shi ya biya kuɗin sake fenti, ga mai mota ya sauya wurin wanki. Wannan zalunci ne, wallahi.

Akwai kuma masu cewa nasu na hannu ne daga Amurka. Ku duba jikinsa: idan an rubuta 120V, wutarmu ta Najeriya da Nijar wajen 220 zuwa 230 ce, kana jonawa kai tsaye ya ƙone. Zaren bakinsa ma, wato inda ake murɗa faifan soso, yawanci inci 5/8 ne, alhali faifan soson da aka fi samu a nan M14 ne, wato milimita 14, ba za su ɗauru ba.

Saboda haka kada ku biya sai an kunna a gabanku. Ku juya maɓallin gudu daga 1 zuwa sama, ku ji ko sautin na sauyawa da gaske, don akwai jabun da maɓallin ado ne kawai. Ku bar shi ya ɗan yi aiki: in ya fara wari ko tartsatsi ya yi yawa ta ramukan iska, ku ajiye. Sabon shiga kuma ya nemi irin wanda ke juyawa yana karkarwa lokaci guda, wanda ake rubuta wa DA. In ka danne shi da ƙarfi juyinsa raguwa yake, don haka da wuya ya ƙona fenti, kuma don shafa kakin sheƙi ya ishe ka.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya adana rasit da hotunan hirar, ya garzaya bankinsa a ranar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar kare masu saye, FCCPC. Ku tura wannan a zaurukanku na WhatsApp, a sanar da yaran da ke aiki a ƙarƙashinku, don su aka fi nema da wannan talla.