Ciwon kan da ya kai ni gaban likita a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa. Ka ce in gaya maka gaskiyar ciwon da nake ɓoye wa Inna, to ga shi.

Wata uku kaina yana sara daga ƙeya, hannun dama yana tsami, daga kafaɗa har babban yatsa wani raɗaɗi kamar an shafa mini barkono. Da a gida ne ka san yadda za a yi: in leƙa kemis ɗin bakin layi in ce a haɗa mini, a ƙulla ƙwayoyi kala huɗu a leda, har da allura in ina so. A nan Paracetamol ma ƙwaya 16 ce a kwali idan a kanti ne, kuma ba za a sayar maka fiye da kwali biyu ba. Sai na riƙa zagaya kantuna ina tarawa, wai ni mai wayo.

Ganin likita kyauta ne, in ka manta da kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara da muka biya tare da biza. Sai da na jira sati biyu, ganawar kuma minti goma. Amma tambayar farko da likitar ta yi ta ɗaure mini kai: kwana nawa a wata nake shan maganin? Na ce kusan kullum. Ta ce wanda ya jera watanni yana sha kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yana iya zame masa ciwon kai. Sannan ta karkatar da kaina dama ta ɗan danna. Wallahi sai da na yi salati, wuta ta sauka har yatsa. Jijiya ce ta matse a wuya, a ganinta, kuma ɗaukar kwalaye a sito da sunkuyon waya ba su taimaka ba.

Duk da haka ta auna hawan jini, ta tura a duba suga da bitamin B12, don ciwon suga da ƙarancin B12 duk suna sa jijiyoyi zafi. Nawa lafiya lau. Na so a ɗauki hoton wuyan, ta ce tukuna, in fara zuwa wajen masu gashin ƙashi, nan ma wani jiran. A Kano da kuɗinka ranar za a ɗauka, wannan kam mun fi su sauri. Ta gargaɗe ni cewa in ciwon kai ya zo farat ɗaya da ƙarfi, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko ƙirji ya ɗaure, in kira lambar gaggawa 999 nan take.

Yanzu da sauƙi, alhamdulillahi. Inna ce a raina, da zafin tafin ƙafar nan da take cewa sanyi ne. Don Allah ka kai ta a gwada mata suga da jini kafin a sake sayo mata wani haɗin. Kuɗin na hanya ranar Juma'a.