Maganaɗisu ko lantarki ga dattijo mai ciwon damuwa da mantuwa?

Ana yawan tambayata wanne za a yi wa baba ko inna idan ƙwayoyi sun gaza.

Maganin maganaɗisu, wato motsa ƙwaƙwalwa da na'urar da ake ɗorawa a kai, wanda Amurka ta amince da shi don ciwon damuwa a 2008, ba ya buƙatar allurar barci, kuma ba ya ƙara mantuwa. Illarsa galibi ɗan ciwon kai ne. Wahalarsa zirga-zirga: kwana biyar a mako, har mako shida, ga tsada. Mai ƙarfe a kai ko farfaɗiya sai likita ya duba sosai.

Na lantarki, wato tura ɗan lantarki cikin ƙwaƙwalwa, ya fi ƙarfi da sauri, amma sai an sa barci, kuma yakan rikita tunani, abin da nake tsoro ga wanda dama ƙwaƙwalwarsa ta raunana.

Dattijon da ke cin abinci, yana da mai kai shi asibiti, maganaɗisu ya fi masa. Wanda ya daina ci da sha, ko yake neman halaka kansa, lantarki.