Kafin Ka Zaɓi Hanyar Tura Imel Ga Mutane Da Yawa

Ka rubuta sanarwa, ka jera adireshi ɗari bakwai, ka danna tura. Kafin ka ɗaga kai, sai ga saƙonni suna dawowa, wani da lamba 452, wani da 550. Ta farko galibi tana cewa masu karɓa sun yi wa sabar (kwamfutar da ke karɓa da isar da imel) yawa, a sake gwadawa. Ta biyu kuwa ƙi ne kai tsaye, ko adireshin ya mutu, ko an ɗauke ka mai watsa tarkace.

Akwatin imel na yau da kullum ba don wannan aikin aka yi shi ba. Gmail na kyauta yana tsayawa a saƙo 500 a rana, Google Workspace, wato na biyan kuɗi, kuma 2,000. Exchange Online na Microsoft ya yarda da masu karɓa 10,000 a rana, amma saƙo 30 kacal a minti. In jama'arka ba su wuce ɗari biyu ba, zauna a nan.

Kafa sabar kanka da manhajar aika imel ta Postfix na da daɗin ji, don babu mai yanka maka iyaka. Sai dai sabon adireshin IP, wato lambar da ake gane sabarka da ita a intanet, baƙo ne, ba wanda ya san halinsa. Dole ka fara da kaɗan, kana ƙarawa a hankali na tsawon makonni. Rana ɗaya ka yi gaggawa, sunanka ya shiga baƙin jeri na waɗanda ake toshe saƙonsu, fitar da shi kuwa jan aiki ne. Ban ba ka shawarar wannan ba sai kana da mai kula da ita kullum.

Ni dai na fi karkata ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Mailchimp, Brevo da Amazon SES. Suna aika wa kowa nasa saƙon daban, su ware adireshin da ya mutu. SES ya fi dacewa da masu rubuta manhaja, kuma sabon asusu ba ya wuce saƙo 200 a rana sai an amince da shi.

Kowanne ka ɗauka, tambayi yadda ake saita SPF, DKIM da DMARC a kansa, wato hanyoyin tabbatar da cewa saƙon daga gare ka ya fito. Tun Fabrairun 2024, Gmail ya wajabta su ga mai tura masa saƙo 5,000 a rana, haɗe da maɓallin fita daga jeri da dannawa ɗaya, kuma kada masu ƙorafi su kai kashi 0.3 cikin ɗari. Wato mutum uku cikin dubu. Saboda haka kada ka sayi jerin adireshin mutanen da ba su nemi saƙonka ba, su ne farkon masu kai ƙararka.