Bita: peertube-cli wajen ɗora bidiyo

Ga mai sabar PeerTube tasa (manhajar kafa dandalin bidiyo), peertube-cli, wato manhajar sarrafa ta da rubutattun umarni, na rage wahala sosai. Sai an fara saka Node.js, manhajar da yake gudana a kanta, sannan `npm install -g @peertube/peertube-cli`. Ana haɗa asusu sau ɗaya da `peertube-cli auth add`, daga nan `peertube-cli upload -f fayil -n suna` ya wadatar. In bidiyon suna da yawa, gajeren rubutun umarni na Bash zai jera su.

Inda gizo ke saƙar: kalmar sirrin da aka rubuta bayan `--password` tana zama a tarihin umarni, sai a goge ta. Babban fayil kuma kan tsaya da kuskure 413, yawanci saboda `client_max_body_size`, wato iyakar girman abin da ake ɗorawa a Nginx (manhajar da ke karɓar buƙatu a sabar), ya yi kaɗan, ko asusun ya cinye kasonsa na wurin ajiya. Saƙonnin kuskuren peertube-cli dai ba sa fayyace komai.