Gyaran na'ura da gyaran mutum

Na'ura akwai sauri. Ka liƙa mata rubutu, nan take ta nuna inda harafi ya faɗi ko aya ta ɓata, kuma ba ta gajiya.

Amma a ce wasiƙa ce za a kai fadar Sarkin Damagaram da ke Birni. Na'ura za ta bar "ina son ka taimaka" yadda yake, tunda nahawunsa daidai ne. Malamin da ya san gari kuwa zai soke layin, ya fara da gaisuwar ban girma, ya sassauta roƙon, ya tambaye ka abin da kake nufi a sakin layi na biyu. Ga ɗalibin Jami'ar André Salifou mai rubuta kundi, wannan tambayar ta fi gyaran haruffa amfani nesa ba kusa ba.