Ƙaramar kwamfuta mai Intel N100 don kallo a falo, ba sai da katin girafik ba

Gaskiya in dai kallo kawai za ka yi, fim ne, YouTube ne, ƙwallo ko yara su kalli katun, to kar ka ɓata kuɗinka wajen sayen katin girafik, wanda ke cikin firosesa ya ishe ka. Wannan 'yar kwamfutar da nake magana a kai firosesa N100 ne a cikinta, wanda Intel suka fitar a farkon 2023, girmanta bai wuce tafin hannu da kaɗan ba, sai ka maƙale ta bayan talabijin ka manta da ita.

Abin da yawancin mutane ba su gane ba, kunna bidiyo ba wai ƙarfin girafik yake ci ba, akwai wani sashe daban a cikin firosesan da ba shi da aiki sai warware bidiyo, shi ne Intel suke kira Quick Sync, kuma na N100 yana karanta nau'o'in bidiyo irin su H.264 da H.265 da VP9 har da AV1 wanda YouTube suke ta komawa kansa yanzu. Na saka fim mai 4K a manhajar kallon fim ta Kodi na buɗe Task Manager mai nuna yawan aikin da firosesa ke yi ina kallo, firosesan na zaune abinsa, hoto ba ya tsayawa ba ya karkarwa, fankar ma sai ka kai kunne kusa kafin ka ji ta.

To kwatanta da katunan da masu shago ke cusa wa mutane. GT 710 ko sashen H.265 ba shi da shi, wallahi asarar kuɗi ce. GT 1030 na 2017 ya fi shi, amma shi ma bai san AV1 ba, ga shi yana cin wat 30 shi kaɗai, alhali N100 gaba ɗayansa wat 6 ne a rubuce. Irin su RTX 3060 kuwa wat 170 ne, ka ga ga wanda ke kan inbata ko sola batir ba zai kai dare ba, ga zafi, ga ƙurar hunturu da fankoki ke zuƙa.

Inda ta gaza dai wasa ne. Tsofaffin gem da ƙanana za ta ɗauka, amma in manyan gem na yanzu kake so a talabijin ɗin falo, ko kana cikin masu ƙara wa hoton bidiyo kyau da manhajar madVR, to nan kam dole sai kati na daban, ba makawa.

Sai masu tsohuwar destof 'yar gwanjo a gida. In firosesan Intel ne zubi na 7 zuwa sama, yana karanta H.265 lafiya lau, matsalar dai da yawansu tsohon HDMI 1.4 gare su, 4K ɗin a 30Hz zai tsaya, wato hoto 30 kacal a daƙiƙa, sai ka nemi adafta daga ramin DisplayPort zuwa HDMI 2.0. In kuma zubi na 4 ne ko ƙasa, nan ne GT 1030 yake da amfani tunda yana da HDMI 2.0 kuma akwai siriri mai shiga ƙaramin akwati, amma ka duba kwalin da kyau ka ɗauki mai memori GDDR5, don akwai mai DDR4 da suna iri ɗaya kuma ya fi shi rauni sosai.