Hutun awa ɗaya a babban birni: a ina ya kamata ka ci abincin rana?

Ƙarfe ɗaya saura kwata, ciki ya fara kiran ciroma, abin da ke hannunka kuma awa ɗaya ce tak, wani ma minti 45 ake ba shi. A babban birni ba a rasa wurin cin abinci, yawansu ne ma ke ruɗa mutum. Titi guda sai ka ƙirga gidajen abinci goma sha, kowanne da allonsa da hoton farantin da ya fi wanda za a kawo maka kyau nesa ba kusa ba. Wanda yunwa ta koro kuwa ba ya zaɓe, ƙofar da ta fi kusa ita yake faɗawa. Shi ya sa wannan shawara tun da ƙoshi ake yanke ta.

Fara da lissafin mintoci. Tafiya minti goma, dawowa minti goma, cin abincin kansa minti ashirin idan ba haɗiya za ka yi ba, wanke hannu da biyan kuɗi minti biyar. Abin da ya rage maka na jira minti 15 ne. Duk gidan abincin da ya wuce tafiyar minti goma a ƙafa, ko wanda ba zai ajiye maka faranti cikin kwata ɗin awa ba, ya fita daga lissafin ranakun aiki, komai daɗin girkinsa. Ajiye shi sai ranar hutu. Ma'auni na biyu kuma ba a teburi ake gane shi ba, sai wajen ƙarfe uku. Jikin ɗan Adam dama yana da sanyin da yake yi tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu na rana, ko an ci ko ba a ci ba, haka agogon jiki yake. Abinci mai nauyi da maiƙo yana ƙara wa wannan sanyin ƙarfi. Gidan da za ka fito daga cikinsa ka koma kana gyangyaɗi a gaban kwamfuta ya ci kuɗinka, ya kuma cinye maka yammacin ranar.

Idan ni aka tambaya, na farko a wurina shi ne ƙaramin gidan abincin da ke dafa kala uku ko huɗu a rana, ya sayar, ya ƙare, ya wanke tukwane. Irinsa yawanci yana bayan manyan gine-ginen ofisoshi, a layin da haya ta fi sauƙi, allonsa ma ya koɗe. Dalilin fifita shi ba son zuciya ba ne. Abincin da ake ta ɗiba ba ya samun lokacin lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firiji ba. Mai zafi ya zauna sama da digiri 60 a ma'aunin salshiyos, mai sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Tukunyar da aka sauke sha biyu da rabi ta ƙare ƙarfe biyu ta cika wannan sharaɗi ba tare da mai ita ya taɓa jin labarinsa ba. Gidan da takardar jerin abincinsa ta kai shafi shida kuwa, ka tambayi kanka: kala sittin, mutum nawa ne ke cin kowacce a rana? Wadda ba a cika nema ba tana can ƙasan firiji tana jiran ka.

Aibinsa a bayyane yake. Ka makara, ka tarar da ƙasan tukunya. Kujeru kaɗan ne, sau da yawa za ka raba teburi da wanda ba ka sani ba. Wasu ba sa karɓar kati. Kuma bayan wata biyu za ka haddace abin da ake dafawa ranar Talata. Amma mai gidan zai haddace ka shi ma, ya san ba ka son yaji da yawa, ya ajiye maka naka idan ya ga ba ka iso ba. Wannan babu manhajar da ke yin sa.

Kusa da shi akwai wata dama da mutane ke wucewa saboda tsoron ƙofar gilashi: manyan gidajen abinci masu tsada da dare, waɗanda ke da tsarin abincin rana na musamman. Hayar gini da albashin masu girki ba sa raguwa don rana ta yi, teburan kuma babu kowa, saboda haka sai su haɗa kala biyu ko uku a kuɗi ɗaya mai rangwame. A Sifaniya abin ya samo asali ne daga dokar da gwamnati ta kafa a tsakiyar shekarun 1960 don masu yawon buɗe ido, daga baya ya zama abincin ma'aikata. A Faris da Tokyo ma haka za ka ga an rubuta abincin ranar a allo a bakin ƙofa. Madafa ɗaya ce, mai girki ɗaya ne da na dare. Idan baƙo za ka kai ko maganar aiki za a yi, nan ne wurin. Sai dai ka tambayi lokaci tun kafin ka zauna, kuma ka tsaya a kan abin da ke allon.

Na taɓa kauce wa wannan ƙa'ida, na kuma ji a jikina. Na kai wani abokin hulɗa irin wannan gida, maimakon abincin ranar sai idona ya faɗa kan wani gasasshen kifi a shafi na huɗu. Minti ashirin, shiru. Na ɗaga hannu, yaron ya zo da fara'arsa.

"Yallaɓai, yanzun nan, ana kan zubawa."

Bayan wasu minti goma sai na hango shi ta ƙofar madafa yana zaro kifin daga firiji, ƙanƙara na zuba. Baƙona ya riga ya share farantinsa yana duba agogo a fakaice. Ƙarfe biyu da minti goma na bar wurin da kifina a leda, na ci shi a sanyaye ƙarfe huɗu.

Masu sayarwa a bakin titi da cikin rumfunan kasuwa su ne suka fi kowa araha da sauri, kuma raina su kuskure ne. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.5 ne ke cin abincin titi kowace rana. Singafo ta nuna iyakar inda abin zai iya kaiwa: daga shekarun 1970 gwamnati ta kwashe masu tallar abinci daga tituna ta zuba su a cibiyoyi masu famfo da magudanar ruwa da masu duba tsafta. A 2016 rumfunan abinci biyu a ƙasar suka samu tauraron Michelin, lambar da aka saba gani a gidajen abincin attajirai, a Disambar 2020 kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan tsari cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Abin lura a nan shi ne famfon. Mai rumfa yana da wata fa'ida da babban gida ba shi da ita, wato madafarsa a gabanka take, gani kuwa ya kori ji. Tsaya minti biyu kafin ka shiga layi. Hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke taɓa abinci? Ruwan wanke kwanuka gudana yake, ko bokiti ɗaya ne tun safe har ya canza launi? Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ita ce ke yanka ganyen da ba za a dafa ba? Abin da aka soya ko aka gasa a kan idonka, ya zo hannunka yana tururi, shi ne mafi aminci. Yankakkun 'ya'yan itatuwa da suka sha rana da ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba, bar su.

Wanda na fi ɗari-ɗari da shi shi ne gidan ɗebi-da-kanka, inda ake jera abinci a dogayen tirori, ka biya kuɗi ɗaya ka ci iya cinka. A ido ya fi kowa riba. Amma mai gidan ya fi ka iya lissafi: abinci mai cika ciki da araha shi ne a farkon layi, nama da kifi suna can ƙarshe, lokacin da farantinka ya riga ya cika. Kai kuma don kada a cuce ka sai ka koma zagaye na biyu, ƙarfe uku ta same ka kamar an yi maka duka. Babbar damuwar ita ce ɗumin tirorin. Ɗan wutar da ke ƙarƙashinsu sau da yawa ɗumi kawai take bayarwa, ba zafi ba. Shinkafa ma, da ake ganin ba ta da laifi, tana da wata ƙwayar cuta da ƙwayayenta ke tsira daga dahuwa. Idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai su farfaɗo su saki guba, gubar kuma sake ɗumamawa ba ya kashe ta. Amai ne ke biyo baya cikin 'yan awoyi. In dole ne, je da wuri, lokacin da aka fito da tirorin farko, ka kuma lura ko sabon tire ake kawowa ko kuwa sabo ake juyewa a kan tsoho.

A nan ya kamata a yi wa masu abinci adalci. Mutum na tashi da ciwon ciki sai ya ɗora laifin kan inda ya ci na ƙarshe, alhali wasu ƙwayoyin sai sun yi kwana biyu zuwa biyar kafin su nuna kansu. Mai yiwuwa gidan da ka yi wa Allah ya isa ba shi da hannu.

Gidajen abincin gaggawa masu rassa ko'ina suna sayar da abu ɗaya da ba a raina shi: ka san abin da za ka samu, ka san mintocin da zai ɗauka. Tsarin ya samu babban ci gaba a 1948, lokacin da 'yan'uwan nan biyu masu McDonald's suka rage kalolin abincinsu a Kalifoniya suka mayar da madafa kamar layin masana'anta. A birnin da ba ka sani ba, ko ranar da taro ya bar maka minti ashirin, sun wadatar. A mayar da su na kullum ne matsala. Gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, haɗin abinci guda a irin waɗannan gidaje kuma yana iya cinye fiye da rabinsa. Gwangwanin lemon kwalba mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali iyakar yini ga babba wajen giram 50 ce. Karɓi ruwa a madadin lemon, kada kuma ka amsa tayin "a ƙara girma?" da ake yi maka a kanta.

Zauren abinci na manyan kantuna amfaninsa ɗaya ne: kun fito ku biyar, kowa da abin da yake so. Hayaniya ce da neman kujera, kuɗin haya mai tsada kuma yana cikin farantinka. Kantin ma'aikata, in wurin aikinka na da shi, ya fi kowa sauƙin kuɗi da lokaci, sai dai wanda ya ci a ginin da yake aiki bai huta ba, hirar aikin ce za ta biyo shi teburi.

Sai oda ta waya. Tana kama da ceton lokaci, amma ƙarfe ɗaya ita ce lokacin da kowa ke oda, masu babur sun yi kaɗan, titi ya cushe. Kamfanonin manhajar suna karɓar kaso 15 zuwa 30 cikin ɗari daga mai abinci, har ta kai biranen Niyok da San Faransisko sun ƙayyade shi a 2020. Mai abinci ba zai yi asara ba, don haka sau da yawa kuɗin da ke manhaja ya ɗara na cikin shago, ga kuɗin kawowa a kai. Soyayyen abu kuma minti ashirin a rufaffiyar roba ya ishe shi ya yi laushi. Idan za ka yi, yi odar tun sha ɗaya da rabi, ka zaɓi abin da ke jure tafiya, mai romo ko miya. Masu kai abincin rana na Mumbai, waɗanda suke wannan sana'a tun 1890 da kekuna da jirgin ƙasa, sirrinsu ke nan: tun da hantsi abincin yake barin gida.

Taurarin da mutane ke bayarwa a intanet kuwa, a karanta su da hankali. Yawancin masu rubutu da dare suka je, suna yabon fitilu da kiɗa, abin da ba ruwan mai hutun awa ɗaya da shi. Nemi sharhin watannin nan, wanda ya ambaci rana da tsawon jira. Wuri mai tauraro huɗu daga mutum dubu ya fi mai biyar daga mutum goma sha biyu. Inda hukuma ke liƙa sakamakon duba tsafta a ƙofa, shi ya fi abin dogaro: Niyok tana ba da A ko B ko C tun 2010, Ingila kuma maki ne daga 0 zuwa 5, ko da yake a can ba dole ba ne mai gida ya liƙa, saboda haka ƙofar da babu takarda ita ma ta faɗi wani abu. Inda babu wannan tsari, shiga wurin wanke hannu. In babu sabulu a inda baƙi ke gani, kada ka sa ran akwai a inda ba sa gani.

Layi ma iri biyu ne. Akwai na masu ɗaukar hoto, wanda ba ya motsi. Akwai na direbobi da ma'aikatan asibiti da masu gadi, mutanen da ke ci a nan kullum da kuɗin guminsu, ba su da lokacin ɓatawa. Mutum goma a irin wannan layi minti biyar ne. Bi bayansu. Cikin mako biyu za ka iya gwada wurare biyar ko shida da ke zagayenka, ka tsayar da uku: na kullum, na ranar sauri, da na kai baƙo. In kuma wurin aikinka zai bar ka ka matsar da hutun, fita sha biyu da kwata. Tukunya ba ta daɗe da sauka ba, kujeru babu kowa, kana wanke hannu za ka ga jama'ar ƙarfe ɗaya sun fara cika ƙofa.